Jar Mota da Shuɗin Hayaƙi

Assalamu alaikum Kawu,

Ya jiki, ya gareji, ya su Inna?

Ogana ya aike ni kasuwar Gudu in zaɓo masa motar tsere mai turbo, na'urar nan mai ƙara wa inji ƙarfi, amma marar tsada. Aikina na farko ke nan. Wata ja ta burge kowa, amma da na dafa murfin injin na ji ɗumi. Na tuna maganarka, cewa inji mai ɗumi maƙaryaci ne, yana ɓoye aibinsa. Washegari aka tayar da ita da sanyinta, sai ga shuɗin hayaƙi, alamar injin ya gaji. Na ɗauki wata fara mai ƙwarzane. A tseren ranar Asabar ta zo ta biyu, ba ta ɗaya ba, kada a ƙara gishiri. Oga ya danƙa min kula da ita.

A sa ni a addu'a. A gaida Inna, amma kada ta ji cewa ina cikin motar lokacin tseren.

Ɗanka,
Nura