Oke Ba Ta Ɗaure Buhu

Zuwa ga Karima ɗiyar Malam Maccido, ruwan farko a gonar da ta gaji da jira, inuwar tsamiya a tsakar ranar kasuwa, farin geron da ba a tsintar tsakuwa a cikinsa. Assalamu alaikum. Ga gaisuwa mai nauyin da motar Sagir direba ba za ta iya ja ba. Allah ya sa Gurbin Bore ta kwana lafiya, ku ma a cikin ɗaki kuka kwana ba a cikin dawa ba.

Sanyin idona, kin san abin da ya mayar da ni ga biro da takarda kamar ɗan firamare. Na aiko miki da saƙo ta waya, na ce tunda Malam ya ce mai niyya ya fito kafin ku tashi zuwa Katsina, shin in turo magabatana ranar Lahadi? Kika amsa da kalma ɗaya tak, ita ma ta Turawa: oke. Kafin in ƙara tambaya sabis ɗin garinku ya ɗauke, har yau bai dawo ba. Wayyo ni Abbati! Tun ranar nake juya 'yar kalmar nan kamar mai gasa masara, ko'ina na taɓa sai ta ƙone ni.

Kada ki ce na cika fassara. Ni dillalin hatsi ne a kasuwar Kaura, oke kuwa tana ratsa kunnena fiye da kukan jaki. Oga Kelvin mai lodin wake zuwa kudu, idan ya ji farashi ya ce oke yana kallon wani wajen, to ciniki ya mutu, saura jana'iza. Madam Doris mai abinci idan ta jera ta biyu, oke-oke, cewa take yi ka tashi ka ba wani benci. Direba yakan faɗe ta a shingen sojoji da murmushi, don dai a bar shi ya wuce. A asibiti a tambayi mutum, kana oke? Ya ce oke, alhali da ƙyar yake zaune. Masarar da aka ce oke ce, ba yabo ba fallasa, a saya don babu wata. Ni kaina, Allah na tuba, da ita nake sallamar mai dogon surutu. To wacce ce taki a ciki, ya zumar farar ƙaya? Ta na ji? Ta na yarda? Ko ta kauce ka ba ni wuri?

Ki tuna ranar da kika fara tsayawa a rumfata, kina ɗalibar poli, hadari ya haɗo ta bayan tsohuwar tashar jirgi. Na buɗe miki buhun wake ina zuba kirari, ke kuwa ko kallona ba ki yi ba. Kika naɗe hannun hijabi, kika cusa hannu har gwiwa, kika ɗebo na ƙasa, kika ce ke ba kya sayen abin da ba ki ga gindinsa ba. Wallahi a nan kika saye ni, ba tayi ba ragi! Yau ni ma abin da nake roƙo ke nan: ki bar ni in ga gindin maganarki.

Don ba ni zan hau hanya ba, Karima. Da ni ne, da tuni na iso ko da ƙafa. Al'ada ta ce manya ke zuwa, ni kuwa babba ɗaya ya rage mini, Baba Armiya'u, ƙanin mahaifina wanda ya rene ni. Tsoho ne, gwiwarsa ta ƙi, ko kare ya biyo shi ba ya gudu. Kin fi ni sanin hanyar Zurmi: direba ba ya kunna rediyo, fasinja ba ya tari, kowa idonsa na kan ciyawar gefen titi. Ga shi ya riga ya sa an wanke babbar rigarsa, ya sayo goro ya lulluɓe da ganye, kullum yana yayyafa masa ruwa yana tambayata, yarinyar dai ta ce a zo ko? Sai in kama duba tayar babur. Ya zan ɗora tsohon nan a kan wannan hanya bisa kalmar da ko buhu ba a ɗaurewa da ita? In kuma Allah ya kai shi lafiya, Malam ya aika a tambayo ki, kika ce ba haka kike nufi ba, da wane ido zai dawo?

A kasuwa magana biyu ce ke da ƙashi. Mai kaya ya ce albarka, kowa ya kama gabansa babu gaba. Ko ya ce na sallama, a yi musabaha. Zaɓi ɗaya, tauraruwata, da Hausar da aka yi miki huɗuba kika tashi a cikinta. In kunya ta riƙe miki harshe, yi yadda manoma suke mana idan suna son mu zo: ɗebo gero tafi ɗaya daga rumbun Malam, ki ƙulle a ƙyalle, ki ba Sagir gobe kafin ya juyo. Ina ganin ƙullin zan gane.

Idan kuwa ya sauko hannu wofi, zan je in ce wa Baba ya ninke rigarsa, ya raba wa maƙwabta goron. Zai dube ni ya ce, Abbati, lafiya kake? Ke ma kin san da wace kalma zan amsa masa.

Naki, wanda ya daɗe da sallamawa kuma ba ya tayar da ciniki har ranar da za a auna shi da likkafani,

Abbati, layin 'yan wake, Kaura Namoda.