Ina Uban Amarya?

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mamansu ta ce kada ki matsa wa kanki da doguwar tafiya, za a aiko miki da hotuna.

An sa ranar auren 'yata, takwararki. Ni dai abu ɗaya na roƙa a bikin nan, kujera. Kin san tun kafin a haife ta nake riƙe makirufo a liyafar mutane, ban taɓa zama ba, ban taɓa cin abincin biki da zafinsa ba. Na ce wannan karon a ajiye ni kusa da 'yata kamar kowane uba. Har na roƙi wani abokin sana'ata ya karɓi gabatarwar.

Ranar Asabar ƙawayenta suka cika mana falo da shawarwari. Wannan ta ce a ɗauko injin hayaƙi don shigowar amarya, waccan ta ce a yi wasan takalmi, wanda ake zaunar da ango da amarya baya da baya, a tambayi wa ya fi fushi, wa ya fi barci, su ɗaga takalmin mai halin. Wata har mai rufa-ido take so. Duk na ce madalla. Sai uwar ango ta tambayi wa zai gabatar, na ambaci abokina. Ta ce ana ga ruwa wa zai yi taimama? Na gyara murya na ce da gaske nake, zama nake so in yi. Yaya, falon nan ya kwashe da dariya. Ke da kika laƙaba mini Aku kin san matsalata: ko ciwon kai na ce ina yi, sai a jira ƙarashen barkwancin. Takwararki kaɗai ce ba ta yi dariya ba, tana ta ɓantarar rigar wayarta da farce.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe mini da kowa.

Ƙaninki,
Aku

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da kumburin ya sace. Kin ce in buɗe baki in ƙi. Yaya, bakin nan ai kullum a buɗe yake, jin sa ne ba a yi.

Abokin nawa ya janye. Ya ce ni na koya masa aikin, kunya ba za ta bar shi ya riƙe makirufo ina zaune ina kallo ba. Dangin ango kuma sun buga kati da sunana a ƙasa, mai gabatarwa. Abin da ya ƙarasa ni tela ne. Na kai masa yadi na ce ɗinkin uban amarya nake so. Da na je karɓa, sai ga ɗan aljihun nan na baya da nake saka akwatin makirufo. Ya ce hannunsa ne ya saba.

Ga abin da ke cin raina. A kowace liyafa, in an yanka kek, nakan tsayar da kiɗa, in kira uban amarya ya fito, ya dafa kanta, ya faɗa mata kalma ɗaya mai kyau. Ni na ƙirƙiro wannan, kuma da shi aka san ni. Na ga manyan mutane masu taurin kai suna share hawaye da hannun riga. To ni wa zai kira ni?

Na sami takwararki a kicin tana wanke-wanke, na tambaye ta me take so. Ba ta juyo ba, ta ce, "Duk wanda ya fi maka sauƙi, Baba." Na tsaya ina jira ta ƙara, ita ma ina jin jira take in ƙara. Mamansu ta ce za ta sa a ajiye mini kujera kusa da amarya, in riƙa zama tsakanin wasa da wasa. Ba ta san aikin ba. Mai gabatarwa in ya zauna, taro ya watse.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Aku

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina fata jiki na ƙara kyau. An yi biki lafiya, an kai takwararki ɗakinta. Ga hotuna nan, za ki gan ni a gefen kowanne, baki a buɗe.

Komai ya tafi daidai. Hayaƙin ya sa uwar ango tari, ni kuwa ban ji haushi ba. Wasan takalmi ya yi armashi. Aka yanka kek. Sai bakina ya riga kaina. Na ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya, na ce, "Ina uban amarya? A fito mana da shi!" Wallahi, Yaya, juyawa na yi ina duba tebura ina jira, kamar kullum. Sai da idona ya faɗa kan kujerar nan, babu kowa a kai sai jakar Mamansu, sannan na tuna.

Zauren ya ɗauka shiri ne. Dariya har da tafi, wasu na buga tebur. Ni kuma ban iya barin dariya ta faɗi ƙasa ba, sai na ji harshena yana tambayar ko gudu ya yi, ko a leƙa ƙarƙashin tebur. Zuciyata na ciwo, bakina na aiki.

Takwararki ta taso tana jan rigarta. Ta zare makirufon daga hannuna, ta kashe, ta ɗauki hannuna ta ɗora a kanta. Ta ce, "Ga ni, Baba. Faɗa mini ni kaɗai."

Yaya, Akunki ya rasa kalma. Duk maganganun da na koya wa iyayen mutane suka gudu. Kafin in samo ko ɗaya mai kiɗa ya saki waƙar da ke biye, wata ƙawa ta ja amarya filin rawa, wata ta kunna makirufon ta mayar mini, ta ce saura rabon kyaututtuka. Na ci gaba. Kujerar kuwa masu haya sun kwashe ta tare da sauran.

Yau da safe wani ya kira ni, zai aurar da 'yarsa wata mai zuwa. Ya ce ya ga bidiyon, bai taɓa dariya irin ta ranar ba, don Allah in yi musu wasan nan na neman uban amarya. Na ce masa to.

Ki yi mini addu'a, ki gaida yara.

Ƙaninki,
uban amarya