A Ba Yaya Ita

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na cikin jirgin ruwa.

Bayan gaisuwa, jaririyarki, takwarata, ta ƙi madarar gwangwani tun da kika tafi. Na gwada bulumboti, na gwada cokali, sai ta damƙe baki ta kau da kai. Yini nake ina zarya da ita tsakanin ɗaki da baranda. Yayarki tana shayar da nata yaron, ta ce a kawo ta. Mijinki ya ce ke za a tambaya. Shayarwa tana ƙulla 'yan'uwantaka har abada, shi ya sa ba zan yi gaban kaina ba. Na san ba kwa ga-maciji da yayar taki, amma ki ba ni amsa ta jirgin da ke kai muku kayan abinci.

Allah Ya tsare ki.
Ummanki

Umma,

Ina gaisuwa. Da kin ga kifayen nan da nake bi, irin na Annabi Yunusa inji ki! Haihuwa suke yi kamar mu. Uwa takan fi shekara da ciki, kuma sukan kai tsufan kakarmu.

Maganar Yaya kuwa, ita ce fa ta ce uwar kirki ba ta barin jaririya ta tafi leƙen auren kifi. Ki ƙara gwada cokalin, wata ɗaya ya rage.

Auta

Autata,

Salama a gare ki. Na karanta labarin kifayenki, Allah mai iko.

Awarwaron da kika sa wa takwarata yanzu yana zamewa har gwiwar hannu. Malamar asibiti ta ɗora ta a sikeli, ta dube ni, na rasa inda zan sa idona. Yayarki ta zo jiya, ta zauna bakin gado rigarta na jiƙewa, yarinya na kuka, ba ta taɓa ta ba. Ta ce sai kin ce.

Ba na iya zama, ba na iya karatu. Ina jira.

Ummanki

Umma,

Yau wata uwa cikin kifayen ta nitse neman abinci, ta daɗe ba ta taso ba. Ɗan ya yi ta kewaya a sama, har wata uwar daban ta matso ta ba shi nono. Na ajiye abin ɗaukar hoto na ɗauko takarda.

A ba Yaya ita, yanzu, kafin ki ninke takardar nan. Ki ce na gode.

Amma Umma, Inna yarinyar za ta riƙa kiran Yaya. Ni kaɗai ce za ta kira Mama.

Auta