Ƙullin da ke Ƙarƙashin Murfi

Maman 'Yan Biyu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, ta saki? Yaya yaran, yaya ƙaninki da iyalinsa? Ni lafiya lau, in ban da tarin nan da ya ƙi rabuwa da ni. Kada ki ƙara sa yara su kira ni a waya, ihu kawai muke yi wa juna. Masaƙa ta cinye kunnuwan nan tun tuni. Takarda ta fi mini.

Na bar aikin gadi. Wasu masu shirya wasan talabijin sun karɓi wata tsohuwar masaƙa a nan, suna yin wasa a kan wahalar da ma'aikata suka sha a zamaninmu. Ina bakin ƙofa na ga wani ya riƙe ƙoshiyar saƙa kamar cokali, bakina ya kasa shiru. Darakta ya ji, ya ɗauke ni in koya musu aiki. Baba Injiniya suke ce mini, ni da ko takardar sallama ban samu ba.

Da kin gansu da kin yi dariya. Akwai matar da aikinta kawai ta riƙa yayyafa musu auduga a kai, ita audugar da muka shekara ashirin muna kakkaɓewa. Jarumin nasu in ya yi tari sai ya dafa ƙirji ya kalli sama. Na ce masa mu ba mu da lokacin kallon sama, tofarwa muke yi mu ci gaba. Amma ba zan zalunce su ba, yaran suna da ladabi, kuma da gaske suke so a san abin da aka yi mana.

Darakta ya tambaye ni mafi munin abin da na gani. Na ba shi labarin ranar da injin tsefe auduga ya cinye hannun ƙaninki. Na faɗa masa yadda muka faɗa wa kwamitin bincike, cewa Foman, mai kula da mu a ɗakin tsefe, shi ya sa aka ɗaure injin. Darakta ya ce shi ke nan, ya samu wanda zai zama mugu a wasansa. Ni na kwatanta musu ɗingishin Foman da usur ɗin da yake ratayawa. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Mutumin da ya hana ni fita ranar da aka binne mahaifina ai bai ci tausayina ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Baban 'Yan Biyu

*

Maman 'Yan Biyu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai, kuma ki zauna tukuna.

Ba ki taɓa shiga ɗakin tsefe ba, bari in yi miki bayani. Injin yana da murfin ƙarfe. Da an ɗaga murfin, wani ɗan ƙarfe a gefe yakan saki, injin ya tsaya. To amma in ya tsaya zare ya tsinke har can ɗakin kaɗi, a yi rabin awa ana haɗawa, masu kaɗi suna zagin uwar mutum. Saboda haka mu tsofaffin hannu mukan ɗaure ɗan ƙarfen da ƙyalle, mu ɗaga murfi mu cire audugar da ta cushe injin yana gudu. Doka ɗaya muke da ita a tsakaninmu: wanda ya ɗaure shi zai kwance kafin ya miƙa wa na bayansa.

Shekaranjiya aka zo ɗaukar wurin da Foman yake ɗaure ƙarfen. Mai yin Foman ya ɗaura sau shida, ƙyallen yana zamewa. Darakta ya gaji, ya ce a sa mini hannun rigar Foman, hannuna kawai za a ɗauka. Ban yi tunanin komai ba. Yatsuna suka yi ƙullin da kansu, zagaye biyu a soke ta ƙasa, kafin in ƙifta ido. Suka tafa mini. Da aka nuna mini a ɗan allonsu sai na gane ƙullin.

Ni na ɗaure shi ran nan, Maman 'Yan Biyu. Safiyar da aka aiko kina naƙuda. Na jefar da tsintsiya na fita a guje ban kwance ba, na yi karo da ƙaninki a ƙofa zai karɓi aiki daga hannuna, har ya ce in gaishe ki. Watansa biyu da fara aiki. Abin da aka koya masa shi ne in ka ɗaga murfi injin zai tsaya. Ya ɗaga, ya sa hannu.

Foman kuwa, Allah ya sani, kullum da reza yake zagayawa yana yanke ƙyallayen nan yana zaginmu. Mugu ne a abubuwa da yawa, amma ba a wannan ba. Da kwamiti ya zo, mu goma sha ɗaya muka haɗa baki, saboda kowa yana ɗaurewa kuma kowa yana jin haushinsa. Aka kore shi. Shekara goma sha tara ke nan kina wuce shi a bakin shagonsa ba kya gaishe shi, ni kuma ina kallo.

Jiya na faɗa wa Darakta gaskiya. Ya saurara har ƙarshe, ya kawo mini ruwa da kansa. Ya ce kashi tara na wasan an riga an ɗauka, ba yadda za a mai da mugu mutumin kirki yanzu, kuma ai ba su ambaci sunan kowa ba. Na ce masa a layinmu gurgu mai usur guda ɗaya ne, kuma yana da jikoki da suke zuwa makaranta. Ya yarda zai cire ɗingishin a abin da ya rage. Iyakar abin da na samo ke nan.

Wata mai zuwa za a fara nunawa. Ina roƙonki ki kai takardar nan ki karanta wa ƙaninki, sannan ki karanta wa Foman. Ki yafe mini in za ki iya.

Mijinki,
Baban 'Yan Biyu

*

Maman 'Yan Biyu,

Ina gaishe ki, ina fatan jikin da sauƙi. Takardarki ta iso jiya. Layi huɗu ne, na karanta su ya fi sau ashirin.

Kin yi gaskiya, ke ba 'yar aikena ba ce. Ke kika yi shekara kina ba ƙaninki abinci a baki, kika koya masa sa maɓalli da hannu ɗaya, ina zaune a tsakar gida ina tsine wa Foman tare da ku. Ba ke za ki ɗauki wannan ki kai ba. Da na karanta na yi fushi, na yi ta zagaye ɗaki ina cewa ai na faɗa, me kuma ake so da ni. Daga baya na gane faɗa wa takarda ba wuya. Ba ta da idon da za ta kalle ni.

Na ajiye aikin. Sun ce in tsaya a gama, akwai wurin yajin aiki da suke so in gyara musu. Na ce su nemi wani.

Ranar Laraba zan hau mota, in Allah ya yarda in iso Alhamis da rana. Daga tasha shagon Foman zan wuce, kuma a bakin shagon zan yi magana, inda masu wucewa za su ji, tunda a gaban mutane muka ɓata shi. Daga nan sai gidan ƙaninki. Ban san abin da zai yi ba. In ya kore ni, hakkinsa ne. In kin ce ba za ki iya zama da ni ba bayan wannan, shi ma ba zan ja ba.

Ba na roƙon ki sa baki ko ki ba shi haƙuri. Ki dai kasance a ɗakin lokacin da zan faɗa, don na san kaina. In kina wurin ba zan rage komai ba.

Sai na iso.

Mijinki,
Baban 'Yan Biyu