Ya Saka Ɓarin da Na Yi a Sabon Faifansa

Anti, don girman Allah ki taimake ni. Abin ya fi ƙarfina, kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Mijina mawaƙi ne, mai waƙoƙin soyayyar nan masu sanyi na salon kiɗan Turawa, jaz da sol. Duk inda na shiga sai mata su ce na more miji. A shagon ɗinkin da nake aiki ma kunna faifansa ake yi ana zolayata. Ni dai sai murmushi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi ba ya ƙaga waƙa daga kansa, abin da ya faru a gidanmu yake kwashewa. Faifan farko daɗi na ji, don labarin neman aurena ne. A na biyu har faɗan da muka yi kan mukullin da ya ɓatar ya saka, da baƙar maganar da na yaɓa masa, ko kalma bai sauya ba. Na yi dariya, na ce halin mawaƙa ne.

To, bara na yi ɓari, bayan shekarun da muka kwashe muna jiran haihuwa. Cikin bai fito ba, don haka ba wanda ya sani. Ko mahaifiyata ban faɗa wa ba, tana da hawan jini, ga shi ta ƙwallafa rai a kan jika. Ranar da muka dawo daga asibiti ina zaune a ƙasan kicin ina kuka, ya zo ya dafa ni da hannu ɗaya. Anti, da na dubi ɗaya hannun, sai na ga yatsunsa suna bugun gwiwarsa a hankali. Kiɗa yake nema wa kukana!

Yanzu sabon faifai ya kusa fita, kuma waƙar ɓarin tana ciki, har da 'yar rigar da na saƙa na ɓoye a ƙasan akwati. Na roƙe shi ya cire, ya ce duk rayuwarsa bai taɓa yin waƙa kamarta ba, kuma ai bai ambaci sunana ba. Wa zai ji bai gane ni ba ce? Na daina kuka a gabansa, na daina ba shi labarin komai. Ina son sa, amma wallahi na gaji, kuma ban ga alamar zai sauya ba.

Matar Mawaƙi

'Yata, sannu. Allah Ya mayar miki da alheri.

Bari in fara da ɓangarensa. Shi ma ɗa ya rasa, kuma akwai mazan da bakinsu ba ya iya kuka, sai hannunsu. Wataƙila bugun gwiwar nan shi ne nasa kukan. Amma sirrin na mutum biyu ne, kuma a jikinki abin ya faru. Ba shi da hurumin kai shi kasuwa ba da yardarki ba, komai daɗin waƙar.

Ba zan yaudare ki ba. Wanda ya saba cin abinci da abin da ke faruwa a ɗakinsa, da wuya ya bari, kuma dariyar da kika yi a baya ya ɗauke ta izini. Mai yiwuwa faifan ya fita yadda yake.

Don haka ki je wurin mahaifiyarki tun yanzu, ki tafi da wata 'yar'uwa mai hankali, ki faɗa mata a nutse. Gara ta ji daga bakinki da ta tsinta a rediyo.

Sannan ki ɗauko 'yar rigar nan ki ajiye a gabansa. Ki ce ya rera miki waƙar, ba fiyano, ba makaɗa, yana kallon idonki. In muryarsa ta karye a tsakiya, akwai sauran miji a wurin, ku zauna ku yi maganar cire ta. In kuwa ya kai ƙarshe lafiya lau, yana jiran ki yaba, to kin samu amsarki, kuma ba laifinki ba ne.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, 'yata, Ya ba ki mai sa wannan rigar.

Anti