Rabin Kwabo a Kan Allo

Litinin, 6 ga Maris, 1972

Na same shi! Tun hutun Kirsimeti tambayar nan take cina. In ka jefa kwabo, ko ya faɗi ta gaba ka ci ɗaya, ko ta baya ka ci sifili, yiwuwar kowanne rabi ce. To akwai abin da za a jefa sau biyu, a haɗa maki, ya ba da daidai abin da kwabo ke bayarwa a jifa ɗaya? Rabin kwabo ke nan. Yau lissafin ya fita, amma da sharaɗi: dole yiwuwar cin biyu ta sauka ƙasa da sifili. Na sake bi, haka ya tsaya. Mama ta ce na bar tuwona ya huce ina dariya ni kaɗai.

Alhamis, 9 ga Maris

Na yi wauta, na nuna a ɗakin malamai. Malam Ɗanburam, wanda ya koya mini lissafi tun ina aji ɗaya, yanzu kuma shi ne babba a kanmu, ko alli bai ɗauka ba. "Hilda 'yata, yiwuwa daga sifili take zuwa ɗaya. Abin da ya fita nan hauka ne. Rabin kwabo kuwa tsabar kuɗin nan ce da ake kira ɗari, je ki kasuwar Jimeta a ba ki." Kowa ya bushe da dariya. Har Apollos, abokin aikina.

Juma'a, 10 ga Maris

Malam ya gaya wa shugabar makaranta zan rikita 'yan ajin ƙarshe. Ta ce bayan taron malaman lissafi na jiha za ta duba ko a mai da ni aji ɗaya.

Lahadi, 12 ga Maris

A coci ban ji wa'azi ba. Allah ya yafe mini, fuskar Malam nake gani lokacin da zan kayar da shi.

Juma'a, 17 ga Maris

Na sa sunana cikin masu magana a taron. A nan Yola za a yi, malamai za su zo har daga Maiduguri da Bauchi. Kezia ƙanwata ta ce, "Adda, in kin sha kunya fa?" Na ce sai in koma koyar da raba lemu. Zafi ya yi yawa, alli na jiƙewa a hannu.

Asabar, 25 ga Maris

Yau aka yi taron.

Zauren ya cika, mu mata 'yan kaɗan a gefe. Da na rubuta lambar da ke ƙasa da sifili sai surutu ya tashi. Malam ya miƙe daga layin gaba. "Malama, nuna mana ranar da kika ga abu ya faru ƙasa da sau babu."

Na ce ban taɓa gani ba, kuma ba wanda zai gani. Rabin kwabon ba a jefa shi shi kaɗai. A hanya lambar take, ba a masauki ba. Na ce, "Malam, ga alli. Haɗa rabi biyu da hannunka, ka nemo mana yiwuwar cin biyu."

Ya karɓa. Ya yi ta rubutu a hankali, da irin kyakkyawan hannun nan nasa da muke kwaikwayo muna yara. Ɗaya bisa takwas ta fito. Sai wata ɗaya bisa takwas ta ƙasa da sifili ta zo ta cinye ta. Babu. Ya gwada cin uku, babu. Abin da ya rage a allo rabi da rabi ne, kwabo cikakke.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya juyo ya ce wa zauren, "Jama'a, yarinyar nan ta yi daidai. Ni ne ban ɗauki alli ba." Wani malamin jami'a da ya zo daga Zariya shi ya fara tafi. Ya ce masana a waje sun taɓa irin waɗannan lambobi, amma bai taɓa ganin an kawo su da kwabo ba. Ya nemi in rubuta masa shi tsaf.

Daga Yola har Jimeta ban san kekena ya taɓa ƙasa ba!

Litinin, 27 ga Maris

Ajin ƙarshe nawa ne. Apollos ya kawo mini ruwan sanyi ba tare da na tambaya ba.

Laraba, 5 ga Afrilu

Malam ya zo gidanmu da yamma, a keke, duk gumi. Bayan sun gaisa da Mama ya ce, "In akwai ƙasa da sifili, dole wani wuri a wuce ɗaya. Ban iya barci da shi ba." Muka zauna gindin mangwaro har aka kira magariba. Ya yi kuskure a layi na biyu, na nuna masa a hankali.

Laraba, 19 ga Afrilu

Kawu Eli ya zo daga Numan, ya ce in ba shi labarin yadda na kayar da tsohon. Na buɗe baki, sai na ji ba na so. Na ce mun yi lissafi ne kawai. Na sa Kezia ta fito da kujera mai jingina gindin mangwaro. Ba don komai ba, Malam zai dawo, kuma bayansa ke ciwo.