Ku Mayar wa Sumayya Littafinta, Kakarta Na Jiran Ƙarshen Labarin

Zuwa ga Ustaza, shugabar ajin adabi da rubutu na 'ya'yanmu da ke unguwar Mansur a Makka, da malaman da ke taya ta aiki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni ne Abu Sumayya, direban bas ɗin alhazai, mahaifin yarinyar da kuka cire daga aji bayan Babbar Salla. Na zo ƙofarku aka ce kina cikin darasi. Na aika saƙo ta waya, aka maido mini da hoton sharuɗɗan da na riga na sani. Shi ya sa na rubuto a fili don sauran iyaye su gani. Na kuma zaɓi Hausa da gangan, domin aikin da kuka ce ba aiki ba ne, da Hausa aka yi shi.

Na farko, ban zo musun sharuɗɗanku ba. Tun ranar da muka kawo ta kun faɗa mana cewa aji kwana biyu ne a mako, sauran aikin na gida ne: uwa ko uba ya karanta wa yaro babin makon da baki, yaron ya maimaita labarin da kalmominsa, sannan ya rubuta. Kun ce gidan da ya kasa wannan ya ba wani gida wuri. Mun amince. Maiɗakina Binta ce ta nemo ajin, ita ce kuma mai karatun. Nakan dawo daga aiki in tarar da su a falo, tana canza murya in sarki ne ke magana, Sumayya na dariya har da kwanciya. Allah Ya karɓi Binta a watan Rajab bayan gajeriyar jinya. Kin zo ta'aziyya, Ustaza, kin rungume yarinyar, ban manta ba. Daga nan ni na ɗauki karatun, da muryata mai kama da ta mai kiran fasinja, kuma ban taɓa tsallake babi ba har mausim, wato lokacin aikin Hajji, ya shigo.

Na biyu, maganar mausim. Ustaza, a garin nan aka haife ki kamar yadda aka haife ni. Kin san in alhazai suka fara sauka, direba ba na gidansa ba ne. Daga unguwar Aziziyya zuwa Harami, daga Harami zuwa Aziziyya, sannan Mina da Arfa da Muzdalifa, a kujerar bas muke cin abinci, a nan muke runtsawa. Rabin iyayen ajinku da mausim suke ci: masu girki, masu tura keken tsofaffi, masu tafinta. Amma jadawalinku ya bi ta tsakiyar Zulƙida da Zulhajji ya wuce abinsa, sai ka ce a wani gari aka tsara shi, inda aikin Hajji labari ne da ake ji a rediyo. Sauran gidaje suna da uwa da za ta rufe wannan giɓin. Gidana babu.

Na uku, ga abin da ya faru a gidana lokacin da ba na nan, tunda ba wanda ya tambaye ni. Na bar Sumayya a hannun mahaifiyata. Tsohuwa ce da iyayenta suka goyo ta daga ƙasar Hausa ta hanyar Sudan, suka zo da niyyar su sauke farali su koma, ba su koma ba. Ba ta karatun littafi, Larabcinta na cefane ne da gaisuwa. Sumayya kuwa irin yaranmu ce na yanzu, ka yi mata Hausa ta amsa maka da Larabci. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, maganarsu ba ta wuce "kin ci" da "zo ki kwanta" ba. Binta ce ke tsakaninsu, da ta tafi sai ɗakin ya yi shiru.

Da yarinyar ta ga babu mai karanta mata, sai ta ɗauki littafin da kanta. Bayan La'asar takan zauna kusa da kakarta ta karanta babin da ƙarfi, sannan ta juya ta faɗa mata labarin da 'yar Hausar da take da ita. Labarin wani matafiyi ne da ya bar garinsu yana neman hanyar komawa. Ranar da na samu na leƙo gida don in canza kaya, daga bakin ƙofa na jiyo ta tana cewa, "Sitti, rajul ɗin ya shiga jirgi, ba'aden iska ta zo katir." Tsohuwa ta ce, "Mutumin, 'yar nan. To, sai aka yi yaya?" Na tsaya riƙe da takalmina na yi kuka. Tun rasuwar Binta ban ji muryar 'yata ta yi tsawo haka ba.

Na huɗu, yadda aka cire ta. Da aka koma aji bayan Babbar Salla, malamarsu ta tambayi kowane yaro wa ya karanta masa a gida. Sumayya ta faɗi gaskiya, har da alfahari, cewa ita ta karanta wa Sitti. A gaban sa'o'inta aka ce mata wannan ba shi ne sharaɗi ba, kaka wadda ba ta iya duba littafi ba ta tsaya a matsayin uwa ko uba. Yarinyar da ba ta daɗe da rasa uwa ba aka faɗa wa haka. Bayan kwanaki saƙo ya zo cewa an ba wani gida kujerarta, a maido littafin tunda aro ne. Na san malamar ba da mugunta ta yi ba, doka ta bi. Amma ina tambaya: kun ce manufar sharaɗin ita ce a ji karatu a cikin gida, yaro ya iya ba da labari, iyali su zauna wuri ɗaya. Wanne daga cikin waɗannan ne bai faru a gidana ba?

Na zaga shagunan littattafai na Aziziyya ina neman littafin, aka ce ku kuka tsara shi kuka buga don ɗalibanku, ba a sayar da shi. Saura babi kaɗan ita da kakarta su gama labarin. Yanzu Sumayya ta koma cikin wayarta, ta koma "kin ci" da "na ci". In na ce ta je wurin kakarta, sai ta ce ba ta da abin da za ta faɗa mata.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ku duba jadawalinku ku sassauta wa iyaye a lokacin mausim. Ku sake duba kalmar nan "uwa ko uba", domin akwai gidajen da mutuwa ta shiga ba ta karanta sharuɗɗanku ba. In kujerar Sumayya ta tafi ke nan, ba na so a tashi ɗan wani saboda 'yata, amma ku ara mana littafin ko na mako biyu ne. Ni zan zo in karɓa, ni zan maido shi da hannuna.

Allah Ya saka muku da alheri kan abin da kuka koya wa 'yata, Ya raya muku naku, Ya sa kada 'ya'yanku su san irin shirun da ke gidana.

Ina roƙo da gaggawa ne don jikin mahaifiyata ya yi rauni tun bayan salla. Har yau in an yi La'asar takan sa a shimfiɗa mata tabarma a falo, ta bar wuri a gefenta. Na kasa faɗa mata dalilin da karatun ya tsaya. Jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Wai bawan Allahn nan, ya isa gida kuwa?" Ban sani ba, Ustaza. Amsar tana cikin kabad ɗinku.

Wassalam, tare da girmamawa,
Abu Sumayya, Mansur, Makka.